Kifin Da Ya Ƙi Ruɓewa

Babanmu ya koyar da tarihi a sakandare a Kazaure har ya yi ritaya, amma bakinsa bai yi ritaya ba. Da ya rasa ɗalibai sai ya koma kan abokansa da ke zama a zaurenmu bayan la'asar. Su kuwa ba jarrabawa za su rubuta ba, don haka ba sa tsoronsa.

Duk duniya babu waɗanda yake son ba da labarinsu kamar mutanen dā na ƙurewar arewacin Turai, wajajen Norway. Yakan ce da zallan katako suke gina coci, kuma akwai lokacin da rana ke ƙin faɗuwa a ƙasarsu. Bayan sun bar gumakan kakanninsu sun zama Kirista, sai ga dogon azumi wanda ba a cin nama a cikinsa. Kifi ne ya rufa musu asiri. Sukan rataye shi a kan itace, ba gishiri ba hayaƙi, iskar sanyi ta busar da shi, ya yi shekaru bai lalace ba.

A nan ake ɓatawa kullum. Babban mai musun wani dattijo ne mai shanu, mutumin Babura, aminin Baba tun ƙuruciya.

"Malam, maganar rana na bar ka da Allah," in ji shi. "Amma kifi ba gishiri ba wuta? Ɗauko na dam ɗin nan da safe ka ajiye shi zuwa azahar, mu ga wanda zai iya zama a zauren nan."

Sai a kwashe da dariya. Baba ma yakan yi, amma na san abin yana ci masa rai. Mutumin da ya saba yana faɗa ana rubutawa, yau shi ake yi wa kallon mai tatsuniya. Ni kam tausayinsa nake ji.

Ina aiki a Kano lokacin. Wata rana a kasuwar Sabon Gari na ga kifin a rumfar wata 'yar kudu, dogo, fari-fari, da tauri kamar icen girki. Ta ce daga Norway ake kawo shi. Na sayo, aka yanka min da zarto, na kai gida ana cikin azumi.

Baba ya juya shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa shi da bango. Ko zama bai yi ba ya aika wa majalisa cewa gobe a gidansa za a sha ruwa.

Innarmu kuwa ba a koya mata kifi. Ta yi masa abin da take yi wa kifi banda: ta wanke da ruwan zafi, ta jefa a miyar kuka, ta tuƙa tuwon dawa.

Aka sha kunu, aka yi magariba, aka buɗe kwano. Sai ƙarar muƙamuƙai ta cika zaure. Wani ya ja da haƙori, kifin ya ja shi. Wani ya faki ido ya zura nasa a aljihu. Can Baba ya dafe kai.

"Af! Ai dukansa suke yi da guduma, su jiƙa shi ya kwana biyu a ruwa."

Daga bayan labule Inna ta ce, "Sai yanzu ka tuna, Malam? Jiya da kake ta ba ni labarin cocinsu fa?"

Na sunkuyar da kai, ina jiran mutumin Babura ya ƙarasa Baba. Dattijon ya ciro guntun daga bakinsa, ya duba, ko alamar haƙori babu.

"Malam, ka yafe mini," ya ce. "Wannan ko ruɓa ta zo, haƙura za ta yi. Bayin Allah, ashe sun sha azumi! To, ita ranar da ba ta faɗuwa, yaya suke yi da ita?"

Baba ya ture kwanon gefe, ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta aji. Da yunwa ya kwana ranar, amma na daɗe ban ga fuskarsa haka ba.

Wutsiyar da ta rage ya ɗaure ta da igiya a azarar zaure, yana nuna wa duk baƙon da ya shigo. Baba ya rasu, mutumin Babura ma ya bi shi. Inna ta hana a sauke ta. Da na je gida da sallar bana na shinshina, har yanzu ba ta yi wari ba.