Foton da Alkasum Ya Yi Shekara Talatin Yana Nema

Duk wanda ya yi aure ko suna a Zinder cikin shekara talatin ɗin nan, in ya bincika akwatinsa zai tarar da aikin Alkasum mai foto, wanda shagonsa ke Zango. Ni Lami taubashiyarsa ce, uwarsa Gwaggo Hajjo yayar babana ce, don haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa. Gajere ne, ga tumbi, ga surutun tsiya, amma in ya ce "kar a motsa", ko jariri sai ya nutsu.

To, mutumin da ya ɗauki rabin Damagaram ba shi da foton uwarsa. Shi ne ɗan fari, Gwaggo kuwa irin matan da ce, masu alkunya ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take ce masa. In ya je ƙauyen Gaffati gaishe ta ranar Juma'a, ya durƙusa ya sunkuyar da kai, yana ɗagowa sai ya tarar ta juya wajen bango. Foton katinta na zaɓe wani ne ya ɗauka, ta ɗaure fuska kamar an kawo mata sammaci. Ni ma na gwada da salula, irin fuskar ta ba ni.

Da farko ƙatuwar kyamara gare shi, mai madubi a ciki, in ta yi "ƙwas!" har kaji sai sun watse. Wannan ko kusa bai gwada ta a kan Gwaggo ba. Sai wani ɗan kasuwa, Alhaji Sama'ila, ya kawo masa wata 'yar mitsitsiya daga Dubai, ya ce sabon yayi ne, an cire madubin shi ya sa ta rame. Ranar da ya kai ta wani biki a Mirriya, uwar amarya ta ce, "Malam, mai foto muka kira, ka zo mana da akwatin ashana?" Shi ko a jikinsa. Tana shiga aljihun riga, abin da ya dame shi ke nan.

Amma kash, 'yar ƙaramar nawa gare ta. Kafin ta gama laluben fuskar mutum, mutumin ya yi alwala ya dawo. Allon bayanta kuma in rana ta buge shi ba ka ganin komai sai hancinka. Ya kai ta Gaffati, ya dawo da foton ƙeyar Gwaggo dishi-dishi, da wata akuya a gefe, tar da ita kamar ita ta yi kwalliya. Na yi dariya har na riƙe ciki.

Bayan shekara uku kamfanin da ya ƙera ta ya fito da ƙanwarta. Wannan an sa mata 'yar tagar leƙawa, ta yi sauri, har tana tura foto cikin salula. 'Yan mata suka yi ta murna, don kafin a gama rabon goro sun ga kansu. Sai dai dole ya ɗaga ta zuwa ido, kuma tana ɗan kuka kafin ta ɗauka. Gwaggo na jin kukan ta ja mayafi. Ta ce mini, "Lami, ki ce wa wancan ya daina nuna ni da abu."

A daminar bara Gwaggo ta kwanta zazzaɓi, har muka tsorata. Ta tashi, alhamdulillahi, amma Alkasum bai koma daidai ba. Na je shago na fara yi masa tsiya kamar kullum, bai rama ba. Ya ce, "Lami, in tsohuwar nan ta tafi, wallahi ban san yadda idonta yake ba." Na ji tausayinsa ƙwarai.

Da kaka sai kyamara ta uku ta iso. Ya kira ni yana rawar jiki: ba ta ƙara ko kaɗan, allonta yana lanƙwasawa sama, kuma ita da kanta take neman idon mutum, in ta samu sai wani ɗan koren akwati ya kewaye shi. Na ce, "Yau da gobe dai sai sun yi wadda za ta toya maka ƙosai."

Muka hau kabu-kabu sai Gaffati. Mun tarar da Gwaggo a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Alkasum ya zauna bakin tabarma, ya ɗora kyamarar a gwiwa cikin ninkin rigarsa, ya sunkuyar da kai kamar mai ladabi. Ni kuma na hau zuba, labarin tsadar barkono a Kasuwar Dole. Can sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Ya tashi ya fita waje ko sallama babu.

Na bi shi, na tarar da shi, babba da shi, bayan rumbu yana share hawaye da hula. Ya miƙo mini allon. Ga Gwaggo nan, gyaɗa a hannu, ta ƙura masa ido tana ɗan murmushi. Ya ce, "Ina sunkuyawa koren akwatin ya kama. Ni take kallo, Lami. Ni!"

Na ce, "Kai, sakarai! Ai kullum haka take yi."

Gaskiya na faɗa. Tun muna yara muke ganin haka: yana yin ƙasa da kai take kallonsa, yana ɗagowa ta kau da fuska. Duk gidan an sani. Ba wanda ya taɓa tunanin cewa mutum ɗaya ne a duniya ba zai iya gani ba.

Ni aka tura in nuna mata, don shi ya ce ba zai iya ba. Ta karɓi kyamarar ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Ɓarawon banza." Na zaci faɗa za ta hau. Sai ta waiga ta tabbatar ba ya kusa, ta rage murya.

"Abin nan yana ɗaukar mai shi?"

Na ce yana ɗauka mana, Gwaggo.

Ta ce, "To ki sato mini nasa, wanda ya ɗago kai. Amma in kika gaya masa, ba ni ba ke."