Fuskar Orval a bangon gidan waya

Ludvik Benda mai rubuta allunan shaguna ne a wani ɗan gari a jihar Nebraska ta Amurka. Da tattalin arziki ya karye, fari kuma ya biyo baya, shagunan suka rufe ɗaya bayan ɗaya, har ya koma yi wa mutane fentin rumbu a sallame shi da dankali. Matarsa Zdenka ce ta ji gwamnati na ɗaukar masu zane aiki, ta matsa masa ya nema. A 1938 aka ba shi bangon gidan waya ya yi zane a kai.

Ya ƙudurta zai zana garin yadda yake: masara ta ƙone a tsaye, manomi ya dafa shinge yana kallonta. Maƙwabcinsa Orval Teague, wanda ya rasa gonarsa, shi ya riƙa tsaya masa kullum da hantsi, yana kallonsa yana zana manomin. Orval akwai tsokana. "Ludvik, ƙara mini kumatu mana, ai gwamnati ke sayen fentin."

Da kaka Orval ya kwashi iyalinsa suka tafi jihar Oregon tsinkar tuffa. Bayan tafiyarsu manyan gari suka leƙo, suka ce ba wanda zai zo aika wasiƙa a tuna masa da yunwa, in ba a sake ba za su kai ƙara. Ludvik na da bakuna shida da yake ciyarwa a gida. Kwana uku yana juya abin a ransa, a na huɗu ya shafe zanen. Ya zana alkama ta nuna, da wani ƙato mai murmushi wanda bai yi kama da kowa ba. Aka yi ta yaba masa.

Bayan shekara biyar matar Orval, Nettie, ta dawo ita kaɗai. Ciwon huhu ya kashe mijinta, kuma bai taɓa ɗaukar hoto ba. Ta daɗe tsaye gaban bangon kafin ta juyo.

"Ina ka sa shi?"

Ya nuna mata wurin, ƙarƙashin alkamar. Ya yi alkawarin zana mata shi a takarda. Ya gwada har ya gaji, hular da Orval ke sawa tana fitowa, fuskar ta ƙi. Da ta zo tafiya, hannu kawai ya ba ta.

Lokacin yaƙin duniya na biyu shaguna suka sake buɗewa, ya koma allunansa. Har ya rasu a 1961 in ka kawo masa aikin da ke da mutum a ciki, sai ya tura ka wurin wani.