Iskar Ɗakin Gwaggo

Shekarar da nake ajin ƙarshe a jami'a a Samaru, aikina shi ne kama iska. Haka 'yan gidanmu a Dogarawa suke faɗa suna dariya, kuma ba su yi ƙarya ba. Ƙananan farantan gilashi nake ajiyewa a buɗe na 'yan mintuna, in rufe, in kai ɗakin gwaji. Bayan kwanaki fumfuna ta tsiro a ciki, irin mai kama burodi, sai in ƙirga. Ƙwayoyinta a iska suke yawo, ido ba ya ganinsu, kuma idan damina ta yi nisa, danshi ya haɗu da zafi, sai su yi yawa.

Na gwada tasha, na gwada kasuwar Sabon Gari, har bakin kwata na tsuguna. Abin da na samu bai burge kowa ba.

A shekarar ruwa ya ƙi ɗaukewa. Baba ya girbe masara ba ta gama bushewa ba, aka jibge buhunan a ɗakin Gwaggo, yayarsa, wadda ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta. Ba wanda ya tambaye ta. Da ta fara tari, matan zumunta suka zo daga coci suka ce sanyi ne. Suka toshe taga da tsumma, suka ce kada a bar ƙofa a buɗe.

Wata safiya na ajiye faranti ɗaya a kan akwatinta, don wasa kawai. Cikin kwana uku ya cika fal, baƙi da kore. Malamina ya ɗaga shi a haske ya ce, "Ina kika samo wannan? Ki ci gaba da ɗauka har mako shida." Na ce masa ɗakin ajiya ne. Ban ce mutum na kwana a ciki ba.

Na san abin da ke cin ƙirjinta. A gidan kaf ni kaɗai na sani. Magana ɗaya ce, a fitar da masara, a buɗe taga. Amma in aka buɗe, aikina ya tashi a banza, ni kuwa ina son a yabe ni. Na ce a raina tsohuwa ce, ai ba yau ta fara tari ba.

Duk Litinin ina shiga, hancina a rufe da gyale. Ita kuwa murna take yi. "'Yata, na hana kowa taɓa tagar," ta ce, tana jan numfashi da ƙyar, "kada iskarki ta gudu."

A mako na biyar aka ɗauke ta a keke napep zuwa asibiti. Ana tallabe ta a ƙofar gida ta riƙo hannun Mama ta ce, "Kada a share ɗakin nan, yarinyar saura mata mako ɗaya."

Ranar Asabar aka binne ta. Ranar Litinin na shiga na ajiye farantina na shida.