Ni Na Tare a Gidan Matata

Na yi aure gemuna fari fat, kuma ni na tare a gidan matar. Ba ita ta zo nawa ba. Duk tashar Konni ta san da haka.

Facin taya nake yi. Kafin nan yaron mota ne ni, har ranar da babbar motarmu ta kife da lodin albasa a hanyar kudu. Direba ya rasu nan take. Ni na tashi da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Matata ta fari ta yi jinyata, ta haifa mini ɗa namiji, ta rasu yana lakwal, makarantar boko. Ban sake neman aure ba. Ɗaki guda, tabarma, buta, rediyo. In ci a tasha, in kwana a ɗaki. Haka na tsufa.

Su biyu ne, ya da ƙanwa, mutanen Dogarawa. Gabu suke yi, ganyen albasa da ake kirɓawa a dunƙula a shanya don miya. Duk ranar kasuwa mota takan sauke su gaban rumfata, su jingine buhunansu jikin tayoyina ba su tambaye ni ba. Yayar, mijinta ya rasu a Illela ta can arewa. Ƙanwar ta yi aure a ƙetaren iyaka ta fito, ta sake yi ta sake fitowa. Dukansu sun yi jikoki. Suka koma gidan ubansu, suka tada katangar da ta faɗi, suka zauna.

Ƙanwar ce mai baki. Yayar irina ce, ba ta cika magana ba. Wata rana ta daɗe tana duban rigata, inda na ɗinke yaga da zaren taya.

Ta ce, "Malam, in ka wanke ta ka ba ni."

Ƙanwar ta ce, "Yaya, rabu da shi. Wanga ko ƙurji ya hito mai, roba zai manna."

Na ba ta rigar. Ta dawo da ita da ɗinki na kirki, tana ƙamshin turaren wuta. Na daɗe ban ga an yi mini abu ban roƙa ba.

Da na yanke shawara, na hau kabu-kabu bayan azahar, da goro da sabulu, sai Dogarawa. Ƙanwar ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta kira yayarta, sannan ta zauna tsakaninmu.

Na ce, "Ba wurinki na zo ba."

Ta ce, "Na sani. Ni jandarma ce. Hwaɗi abin da ya kawo ka."

"Aure."

"Da wace?"

"Da wadda ba ta surutu."

Yayar ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Da ta gama dariya ta dube ni sosai.

Ta ce, "Malam, na yarda da kai. Amma ba ni barin gidan nan. An raba ni da wagga tun muna 'yan mata, ni arewa, ita kudu. Uwarmu ta rasu ba mu tare. Yanzu da Allah ya haɗa mu, sai dai makara ta raba."

Na ce su taho Konni su biyun.

Ƙanwar ta ce, "A ɗakin nan naka? Ni in kwana ina, cikin taya?"

Na ce to, a yi ɗauki-sandarka, irin auren da mace ke zaune gidanta, miji ya zo ya kwana ya koma. Mutane na yi, ba wanda ke cewa komai. Yayar ta girgiza kai.

"Miji nake so, ba baƙo ba. Wanda in ya yi tari da asuba zan ji."

Na koma Konni da wannan. Ko in kwashe kayana in bi ta, ko in haƙura da ita.

Na gaya wa ɗana a shagonsa. Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Baba, namiji shi tare gidan mace? Da wane ido zan dubi surukaina? Kawo ta nan, in gina muku ɗaki."

"Ba ta zuwa."

"To ka bar ta."

Na ce, "Tun da ka yi aure, yaushe muka sa hannu kwano ɗaya ni da kai?"

Ba don in ɓata masa rai na faɗa ba, tambaya ce. Ya ce shi dai ba za a gan shi wurin ɗaurin auren ba. Na ce Allah ya yi masa albarka, na fita.

A tasha abin ya fi haka. Direbobi da 'yan kamasho suka sami abin yi. "Mai faci, yaushe za a sa ka lalle?" "Wa zai riƙa maka mayafi?" Wani ma ya sayo mayafin, ja mai ƙyalli, ya rataya a rumfata. Na yini ina kallonsa yana kaɗawa. Waɗannan mutanen, da na kwanta da ƙafa, ba wanda ya miƙo mini ruwa a cikinsu. In na mutu a ɗakina, wari ne zai gaya musu. Na sauke mayafin, na naɗe shi da kyau, na ce, "Matata ta gode."

An ɗaura aure a Dogarawa, ƙanen ubansu ya yi walicci. Niyyata in koma in tattara kayana in sulale da sassafe. Ƙanwar ta ƙi. Ta ce tarewa ce, kuma a gidansu ba a tarewa a ɓoye.

Ranar kasuwa ta zaɓa, da rana tsaka. Ta iso tasha da mota cike da tsofaffin mata, tun daga nesa suna guɗa.

"Mun zo ɗaukar amarya!"

Suka hau loda kayana. Famfon iska, ƙarafan cire taya, rabin duron da nake gwada tub a ciki. Kowanne sai ta ɗaga shi sama tukuna.

"Jama'a ku ga kayan ɗaki! Iyayen amarya sun yi ƙoƙari!"

Tasha ta cika da ihu. Akwai hanya ta bayan rumfa, da na so sai in bi. Na sa babbar rigata, na ratsa tsakiyarsu da ɗingishina, ban yi sauri ba. Na shiga gaban mota, na ce wa direba, "Danna oda. Kada ka saki sai mun fita gari."

Da muka isa suka kai ni ɗaki, na zauna bakin gado. Mata sun cika ƙofa. Ban ce komai ba, don ba ni da abin cewa. Ƙanwar ta leƙo.

"Yaya! Amaryarki ta ƙi magana. Sai kin sayi baki."

Yayar ta shigo da ƙwaryar fura, ta ajiye a gabana.

"Ga shi. Ya isa?"

Na ɗauka na sha da yawa. Na goge baki. Na ce, "Yaji ya yi kaɗan."

Ta ce, "Gobe ki dama da kanki, amarya."

Ɗana bai zo ba har yau. Matarsa ta turo jikokina da salla, sun kwana biyu, sun koma da gabu. Ban je roƙonsa ba, ba kuma zan je ba. Ya san hanya, motocin Dogarawa ta ƙofar shagonsa suke bi.

Yanzu ina Dogarawa. Na kafa rumfa bakin kwalta, kusa da inda ake loda albasa. In la'asar ta yi, in tattara ƙarafana in koma gida. Gidan matata ne da ƙanwarta, kuma nan nake zaune.