Agogon da Ya Hana Ni Cewa Lafiya Lau

Ƙarfe shida da minti goma sha biyu na safiyar wata Asabar al'amura suka fara lalace mini. Na san lokacin daidai domin a hannuna yake ɗaure. Na durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka na ce, "Ina kwana?"

"Lafiya lau, ƙawata. Kin tashi lafiya?"

Na buɗe baki zan ba ta amsar da nake bayarwa tun da na iya magana, sai agogon ya motsa a wuyan hannuna. Na duba. Ya ba barcina maki arba'in da bakwai cikin ɗari. Ni da ban taɓa cin ƙasa da saba'in a jarrabawa ba, ga shi na faɗi a barci, abin da ko jinjiri ya iya.

Yayana ne ya kawo agogon. A Abuja yake aiki, ya zo mana hutu gidanmu na unguwar Federal Low-Cost a Gombe, ya tarar ina ƙorafin ciwon kai saboda karatu. Shi irin mutanen nan ne da ke shiga mota su je wani ɗaki su biya kuɗi su yi gudu a kan inji, amma masallacin bayan gida ya yi musu nisa da ƙafa. Ya ce, "Ba ciwo ba ne, barcinki ne ba shi da inganci. Ɗaura wannan. Zai faɗa miki awa nawa kika yi, da mai nauyi da mara nauyi, har bugun zuciyarki." Na karɓa da hannu biyu. Duk abin da ke ba da maki ina girmama shi.

To, a safiyar nan na rasa abin cewa. Ba ni da surutu, amma ba na son faɗin abin da ban tabbatar ba. Idan na ce lafiya lau, ga shaida a hannuna tana ƙaryata ni. Sai na laluɓo amsar da na ga tana tsakiya, na ce, "Da sauƙi, Kaka."

Ta ajiye carbi. "Da sauƙi? Me ya same ki?"

Kowa ya san wanda ke cewa da sauƙi: mai jinya. Ni ma na sani, amma na riga na furta, kunya kuma ta hana ni janyewa. Washegari agogon ya ba ni hamsin da ɗaya, na sake cewa da sauƙi. Kafin mako ya zagayo labari ya kai unguwar Manawashi, wurin danginmu. Ƙanwar babanmu ta taso a keke da ledar lemu da kankana ta zo dubiya. Ta same ni zaune ina cin tuwo, ta ƙare mini kallo, ta ce, "Irin wannan ciwon shi ne mugu, wanda ba ya nunawa a jiki."

Na sayi littafi mai layi na ja masa gidaje: ranar wata, lokacin kwanciya, lokacin tashi, maki. A nan na gano laifuffukana a wurin agogon. Na farko sallar asuba. Duk ranar da na tashi na yi alwala na yi salla na koma na ɗan kishingiɗa, sai ya rubuta cewa barcina ya katse, ya kuma shawarce ni in guji abin da ke tashina. Wanda ya ƙera shi, ko a ina yake, da alama ladan bai taɓa tashinsa ba. Na biyu ƙailula. Wannan ɗan barcin bayan azahar da zafin Gombe ke wajabta wa kowa, har awaki, agogon ya ce shi ke ɓata mini na dare. Na daina ƙailular. Na daina shan shayi da yamma. Ƙarfe tara nake rufe littafi in kwanta in miƙe sambal, ina jiran barci kamar mai jiran a kawo wuta.

Bai zo ba. Da can ina ɗora kai a matashi shi ke nan sai kiran salla. Yanzu ina kwance ina lissafi: idan na yi barci nan da minti goma zan samu awa bakwai da rabi, idan na juya zai rage mini maki. Saura mako uku jarrabawar ƙarshen zango, ni kuma ina zaune a aji layukan allo suna rabuwa biyu. Ciwon da ƙanwar babanmu ta zo nema ba ta samu ba, yanzu ya iso.

Maki mafi yawa da na taɓa samu tamanin da takwas ne, ranar wata Lahadi da hantsi. Ban runtsa ba. Ina zaune ne a tabarma ina karatu, awa uku ban motsa ba, agogon ya ɗauka barci nake, har ya taya ni murna. Mai hankali da a nan ya tsaya. Ni sai na rubuta a littafina, na sa alamar tambaya a gefe.

Na kira Yaya. Ya ce, "Kin sabunta manhajar kuwa?" Na je wani kemis a unguwar Arawa na nuna wa mai shagon littafin. Ya jujjuya shafuka, ya yaba kyan rubutuna, ya sayar mini da maganin ƙarin jini.

Sai na yanke shawarar yin gwaji yadda aka koya mana a makaranta: a samo wanda aka tabbatar lafiyarsa ƙalau a auna shi. Kaka ta haura tamanin, ba ta taɓa shan maganin barci ba, har yanzu ita ke zura wa kanta zare a allurar ɗinki. Na roƙe ta ta kwana da agogon.

"In kwana da shi? Sadaki ya biya?"

Ta dai miƙo hannu. Da safe na je na kwance shi na duba. Talatin da ɗaya. Ta kwanta bayan isha'i, ta tashi ƙarfe uku ta yi nafila, ta koma, ta sake tashi da asuba. Agogon ya ce ta nemi likita.

Na karanta mata. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Talatin da ɗaya! Ke nawa yake ba ki?"

"Wajen hamsin."

"Ashe kin fi ni. Shi ya sa idonki ya faɗa kamar na mujiya, ni kuma nake neman wanda zai dama mini fura."

Ban yi dariya ba. Hawaye ne ma suka taru mini, don kwana huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba, ga jarrabawa jibi. Na ce, "Kaka, to ni yaya zan yi in san na kwana lafiya?"

Ta karɓi agogon ta riƙe shi da yatsu biyu kamar mataccen ɓera. A daidai lokacin ya yi ƙara, batirinsa ya kusa ƙarewa.

"Kukan me yake yi?"

"Caji yake so."

"Shi da kansa bai tashi lafiya ba ke nan." Ta jefa shi cikin kwanon goronta ta rufe. "Ke da kika yi barcin ba ki sani ba, sai wannan da bai taɓa runtsawa ba tun da aka ƙera shi? Je ki kwanta, in azahar ta yi zan tashe ki. Gobe kuma in na ce kin tashi lafiya, ki duba: in da ƙafarki kika zo ƙofar nan, ki ce lafiya lau. Lemun mutane ya isa haka."