Baƙon da Ba a Tambayi Sunansa Ba

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da na sani na duniya, rabi a bakin Inno na ji shi, sauran duniyar ce ta koya mini da sanda.

Inno kakata ce, uwar babana. A rugarmu ta tsufa, can bayan Runka, inda gonakin gero suke ƙarewa daji ya fara. Yau ko turken maraƙi ba za ka samu a wurin ba. Amma a lokacin, in an gama tatsar yamma, ana hura wuta a gefen garke don hayaƙi ya kore wa shanu sauro. Wurin zaman maza ne, sai dai Inno ta wuce a hana ta. Za ta jawo buzunta ta zauna, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta. Bayanmu shanu na tuƙa, gabanmu wuta, ita kuma tana tsokanar yayyena maza.

"Kai angona, matsa can. Miji ba ko goro, sai warin awaki."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke yi. Sai ta ce, "Ga wata nan ta yi sallama." Mu ce, "A ba ta tabarma."

Tana da na dariya da yawa. Amma akwai ɗaya da ba ta yi sai ranar da saniya ta faɗi. A wurinmu in saniya ta kwanta ciwo aka ga ba za ta tashi ba, ana yanka ta, kuma ba a raba naman sai an duba cikinta. Inno ce ke dubawa. Ta sa a ɗago mata hanta, ta matsa da yatsa. Ta sa a tsaga huhu. In ta ga tsutsa a hanta, sai ta ce a daina shayar da su a fadamar nan. In huhu ya manne da haƙarƙari, ta ce a ware duk mai tari daga garke tun kafin gari ya waye. Daren irin wannan rana, hannunta na ƙarnin jini, take ba mu labarin baƙon.

Wai an yi wani gari na mutanen kirki, masu kunya. A garin ba a tambayar baƙo sunansa, sai in shi ya faɗa. Wata rana da almuru wani ya iso, ya lulluɓe har ka, da burgami a kafaɗa. Aka sauke shi a gidan farko, aka ba shi fura. Da safe yaron gidan ya mutu. Aka ce kwana ya ƙare. Baƙo ya yi ta'aziyya, ya koma gida na biyu. Nan ma haka. Kowa ya lura, ba wanda ya yi magana. Dattawa suka ce kada a kuskura a taɓa shi ko a tambaye shi, don in ka tone shi haushi zai ji, ya cinye garin duka.

Har ya sauka gidan wata mai tallan nono, ya ɗauke mata ɗa. Da aka dawo daga kushewa matar ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ni saniyata in ta faɗi sai na ga cikinta. Ɗana bai kai saniya ba?" Ta jira baƙo ya yi barci, ta sa wuƙa ta farke burgaminsa. Ta ga abin da yake ci, ta ga hanyar da yake bi ya shiga jikin mutum. Ta tashe shi da ƙafa, ta ce, "Wa sunanka?" Ashe duk ƙarfinsa a ɓoyon yake. Ya faɗa. Da gari ya waye ta shiga kasuwa ba ƙwarya a kai, tana shelar sunan. Daga ranar, duk ƙofar da ya nufa sai a kira shi tun daga nesa, a ce mun san ka. Shi kuwa ba ya iya shiga gida sai a matsayin baƙo. Ya rame, ya bar garin.

"Inno, mi ne sunan nasa?"

"Kowane zamani da nashi."

Ni ce mai naci. Na ce, "To ɗan matar fa? Ya dawo?"

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Ke mai kunnen ƙashi, wa kika taɓa gani ya dawo? Ta ƙare nan. Ku kwashe gyaɗarku kar ta ƙone."

Na tsani wannan tatsuniya. A ganina ba a yi wa matar adalci ba.

Na girma, na yi aure a wani ƙauye kusa da Safana. Inno ta rasu tun ƙasa na zaune lafiya, ta huta. Mu muka ga sauran. Shanu suka tafi a dare ɗaya. Mijina aka harbe shi a gona, fartanya a hannunsa. Ya bar ni da yara biyu, namiji da mace, a hannun yayansa.

Namijin ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, haka al'adarmu take. "Kai" nake ce masa, ya amsa. Bai kai goma ba lokacin da kumatunsa na hagu ya fara tashi, farkon damina. Mun zaci haƙori ne. Kafin gero ya fitar da kai, kumburin ya kai kamar ƙwallon goruba, haƙoran wajen suna girgiɗi. Shi dariya ma yake yi.

"Inna, dube ni. Na zama mai algaita ba algaita."

Na samu yayan mijina a zaure, na durƙusa, na gaishe shi. Na ce, "Yaya, ina so a kai yaron nan asibiti."

Ya ce, "Ke, irin wannan ba ya son ƙarfe. Allura ko aska ta taɓa shi, ya fusata ke nan, ya bazu. Kowa ya san haka. A bar shi da shafi da turare, Allah na nan."

"Yaya, mu san ko mi ne dai."

"In kin sani ki yi mi? Hanyar ma wa ke bin ta yanzu? Ɗan ƙanena ne, ba ni kai shi a yanka."

Ba mugu ba ne. Har daji ya shiga da kansa, a wannan hali, ya sassaƙo magani. Amma maganarsa ita ce ta dattawan garin Inno, ba ragi. Ni kuma macen da mijinta ya mutu, a gidan wani. Muka shafa, muka turara. Kumburi ya rufe masa ido ɗaya.

Bayan girbi aka shigo ƙauyen, aka sa wa rumbuna wuta. Kowa ya yi ta kansa. Yaya ya bi wata hanya da iyalinsa, ni na goya yaron duk girmansa, na ja ƙanwarsa, muka kwana muna tafiya. A Batsari muka samu wani kango da 'yan gudun hijira suka cika, muka raɓa. Sai da aka ƙone garinmu na samu ikon kai ɗana asibiti. Wannan ban san yadda zan gode masa ba.

Daga Batsari aka tura mu babban asibiti a Katsina. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta taɓa fuskarsa a hankali, ta ce za su ɗan yanki tsoka daga cikin kumburin. Maganar Yaya ta dawo mini. Na ce, "Ku kai ta ina?"

Ta ce, "Ɗakin fatoloji, Mama."

"Mi ke nan?"

Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce ilimin binciken cuta ne. Akwai likitocin da aikinsu ke nan, ba su cika ganin marar lafiya ba, sai abin da aka ɗebo daga jikinsa. Za su yanka tsokar siriri fiye da ɓawon albasa, su rina ta, su sa a madubin da ke girmama abu, su ga wace cuta ce da yadda take cin jiki. Ta ce sunan daga harshen Girkawa ya fito, kalma biyu aka haɗa, ɗaya wahala, ɗaya karatu.

Karatun wahala. Na ce a raina, ashe har makaranta aka buɗe mata, mu da muka haddace ta ba malami. Amma na gane aikin. Inno ce da hantar saniya. Matar nan ce da wuƙarta a kan burgami. Na ce, "Ku yanka."

Da ya farfaɗo ya taɓa auduga a kumatunsa, ya ce, "Inna, in sun gama dubawa su maido mini namana, ba kyauta na ba su ba."

Sakamakon yana ɗaukar kwanaki. Shi bai da su. Ya riga ya daina cin tuwo, sai kunu, daga baya kunun ma ya gagara. Ya cika da asuba, kansa a cinyata. Aka rufe shi a Katsina, cikin mutanen da ba su san ubansa ba.

Mutanen kango suka ce in haƙura, me zan koma asibiti in yi. Na koma. Na zauna a benci har likitar ta fito. Na ce, "Na zo jin sunan."

Ta zauna kusa da ni. Ta ce limfoma ne, wata irin sankara mai kama yara a muƙamuƙi. Tana saurin girma, amma tana jin magani ƙwarai in an zo da wuri. Na tambaye ta ko ƙarfen ne ya fusata shi. Ta ce a'a. Ban tambaye ta ko da mun zo farkon damina zai rayu ba. Ita ma ba ta faɗa ba. Na sa ta maimaita sunan har ya zauna a bakina, na shiga mota na dawo.

Da wata damina ta zagayo, 'yar maƙwabciyata a kangon ta tashi da kumatu a kumbure. Na ji tsofaffi sun fara, kar a taɓa da ƙarfe. Ban yi sallama ba na shiga. Na ce wa uwar, "Ɗauko mayafinki. Wannan ko na san shi ko ban san shi ba, akwai masu saninsa." Mijinta ya taso zai yi magana, na ce, "Malam, nawa yana ƙasa. In kana so ka ga wurin, mu je in nuna maka." Ya koma ya zauna.

Aka kai ta asibiti, ciwon ɗana ne kuwa. Yarinyar ta sha wuya, gashinta ya zube, amma tana nan. Kullum tana wucewa ta ƙofata da tulu a kai, fuskarta daidai. Uwarta ta kawo mini ƙwaryar gero ta gode. Na karɓa, na yi mata addu'a, kuma da gaske nake. Da ta fita na kasa taɓa geron.

Yanzu na gane abin da ya sa Inno take rufe tatsuniyar nan da faɗa. Haihuwa da yawa ta yi, babana kaɗai ya tsaya. Ba ta taɓa jin sunan abin da ya kwashe sauran ba. Cikin shanu kawai aka bari ta duba.

Ba mu da garke, ba mu da buzu. Murhu ne na duwatsu uku a tsakar kango, yara na kewaye ni in na gama tuƙi. Wani dare na ba su labarin baƙon. Da na kai ƙarshe, 'yata, ƙanwarsa, ta ce, "Inna, to ɗan matar fa?"

Sunan ciwon na faɗe shi a kasuwa, na faɗe shi a mota, na faɗa wa duk mai kunne. Sunan yaron har ya koma ban kira ba ko sau ɗaya.

Na ce mata, "Tashi ki kashe wutar, itace na tsada."