Ƙanƙarar Yaya Mamman da Tafiyar Bello

Bana shekara tara ke nan da muka kai yayana Mamman makwancinsa a Nasarawa Burkullu. Da ban yi niyyar cewa komai ba. Ɗansa Bello ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Sana'ar Yaya sayar da ƙanƙara ce. Daga Gummi yake ɗauko ta a babur, a naɗe cikin buhu da ƙaiƙayi, ya kai kasuwar Bukkuyum kafin rana ta shanye rabinta. Ba ya sayen ƙanƙarar da bai ga rijiyar da aka ɗebo ruwanta ba. Masu injin ƙanƙarar suna ce masa mai tsirfa, shi kuwa ya ce 'ya'yan mutane ne za su sha.

Wata rana muka kalli gasar wasannin dusar ƙanƙara ta duniya a talabijin ɗin mai shayi. Mutane na zamiya daga kan dutse fari fat, mai sharhi yana yabon ƙasar da ta karɓi baƙuncin, wai injuna ne suka zuba dusar tunda sama ba ta ba su ba. Kowa na tafi, sai Yaya ya ce, "Ruwan wa anka daskarar? Su wa anka tasa daga gindin dutsen ga?" Muka yi masa dariya.

Yanzu wani dillali yana yawo tsakanin Anka da Gummi yana neman samarin da za a kai leburanci ƙasar waje. Wai wata ƙasa mai zafi irin tamu tana son a ba ta irin wannan gasa, ana gina filaye da masaukai a kan duwatsu. Bello ya ba da sunansa. Innarsa ta ce magana tana hannuna, ni ne uban da ya rage masa.

Na sami dillalin. Na tambaye shi a hannun wa fasfo zai zauna, in yaro ya faɗo daga gini wa zai sanar da mu, in an watse daga gasar ina ake kai leburori. Duk tambayar da na yi sai ya nuna mini hoton filin a wayarsa. Filin yana da kyau. Mai ɗauke da kwanon siminti ne ban gani ba ko ɗaya. Ina zargin ƙasar ma abin da take so ke nan, duniya ta kalli farin dutse ta manta da waɗanda aka rufe wa baki a bayansa.

Na hana tafiyar. Bello ya ce, "Baffa, to mi kaka so in yi nan? Gonar daji ba ta zuwuwa don 'yan bindiga. Ramin zinari zan shiga?" Da Yaya na raye, ina jin shi ma zai hana, amma ba zan rantse ba, don bai ga yadda hanyar Gummi ta koma ba.

Yaya bai bar dukiya ba. Ni ya bar mini rashin saurin yarda, Bello ya gaji taurin kansa, ban kuwa san wanda zai rinjaya ba. Har yau Bello yana durƙusawa ya gaishe ni kowace safiya, amma ya daina sa hannu a kwanon tuwona. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya tsare masa yaron nan, ko a gida ko a can.